RA'AYINMU: A KAFA WA MATAIMAKIN KOCI TSANI

Duk ranar da wata kwaleji ko jami'a ta ciwo kofin ƙwallon ƙafa a ƙasar nan, hoton da akan ɗauka kusan iri ɗaya ne. Shugaban makaranta a tsakiya riƙe da kofi, magatakarda a damansa, darektan wasanni a hagunsa, 'yan wasa a tsugune a gaba. Can gefe kuwa, in ma hoton ya kai kansa, akwai wani mutum da usur rataye a wuya da buhun ƙwallaye a kafaɗa, wanda ba safai akan rubuta sunansa ba. Wannan mutum shi ne mataimakin mai koyar da 'yan wasa, watau mataimakin koci, kuma a kansa ne muke so mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da samarin ma'aikata a wannan fitowa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ya kamata wannan aiki ya zama sana'a sosai a manyan makarantunmu, mai takardar ɗauka, da albashi, da horo, da matakan ƙarin girma, musamman a ƙasar Haɗeja da kewayenta, inda yara masu baiwar tamaula suke da yawa, masu renonsu kuwa suka yi ƙaranci.

Bari mu fara da bayyana aikin, domin da yawa daga cikin masu sa hannu a takardun kuɗin wasanni ba su san shi ba. Babban koci shi ke tsara dabarun wasa, shi ke fid da sunayen goma sha ɗayan da za su fara, shi ke kuma amsa tambaya in an sha kashi. Amma kafin a kai ga wannan akwai aikin watanni. Mataimaki ne ke zagaya gasar ajujuwa da ta ɗakunan kwana yana duba sababbin ɗalibai, ya ware mai ƙafa daga mai gudu kawai. Shi ke riga kowa zuwa fili bayan sallar Asuba, ya cike rami, ya tsince ƙaya, ya zuba toka a kan layi. Shi ke tsayawa da mai tsaron gida bayan kowa ya watse, yana aika masa ƙwallo ta sama da ta ƙasa. Shi ya san wanda gwiwarsa ke ciwo yana ɓoyewa, da wanda bai karya kumallo ba saboda guzuri ya ƙare, da wanda jarrabawa ta kayar har ana shirin sallamarsa. In za a yi tafiya, shi ke ƙirga riguna, ya riƙe katin shaidar kowane ɗan wasa. In kuwa yaro ya karye a fili, galibi shi ke bin sa asibiti, shi ke kuma zuwa ya fuskanci iyayensa.

To, mene ne matsayin mai wannan aiki? A makarantu da dama ba shi da kowane irin matsayi. Wani tsohon ɗan wasa ne na cikin gari da aka roƙa ya zo ya taimaka, ana sallamarsa da abin da ya samu in gasa ta ƙare. Wani ma'aikacin wucin gadi ne da ya yi shekara da shekaru ana sabunta masa takarda, ba ƙarin girma, ba fansho. Wani kuwa ƙaramin ma'aikaci ne na wani ofis dabam, mai sha'awar wasa, wanda aka ɗora wa aikin a kan nasa ba tare da ƙarin ko sisin kwabo ba. Sa'ad da aka zo tafiya gasa sai jerin sunayen manyan jami'ai 'yan rakiya ya yi tsawo, kowa da alawus ɗinsa na kwana, shi kuwa a ce ya yi haƙuri, mota ta cika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya ga haka, in yana da wata mafita, ba zai daɗe ba. Wanda ya daɗe kuwa yakan tsufa a inda ya fara, da ilmin da ya shigo da shi, domin ba wanda ya taɓa tura shi kwas.

Wataƙila wani ya ce, ina abin damuwa a nan, ai mataimaki sunansa mataimaki. Tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar nan ya riga ya amsa wannan magana. A shekarar 2007 ƙungiyar yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17, watau Golden Eaglets, ta ciwo kofin duniya a Koriya ta Kudu a ƙarƙashin marigayi Yemi Tella, wanda malami ne a Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa da ke Ikko. Ɗaya daga cikin mataimakansa a wannan tafiya shi ne Manu Garba, mutumin Gombe. Tella ya rasu 'yan makonni bayan dawowarsu, amma abin da ya koyar bai bi shi kabari ba. A shekarar 2013 Manu Garba ya ja ragamar ƙungiyar zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ta lallasa Meksiko da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, kyaftin ɗinta kuwa Musa Muhammed ne, ɗan Kano. A kan bencin Manu Garba akwai Emmanuel Amunike a matsayin mataimaki. A shekarar 2015 shi Amuniken ne ya ɗauki ƙungiyar zuwa ƙasar Chile, ta doke Mali da ci 2 da nema, ta sake ɗago kofin, a gasar da Victor Osimhen ya jefa ƙwallo 10 a raga. Kofin duniya uku ke nan cikin shekara takwas, biyu daga ciki kuma waɗanda suka fara da zaman mataimaka ne suka ciwo su. Wannan ya wuce a kira shi sa'a.

Haka abin yake a babbar ƙungiyar ƙasa. Bonfrere Jo, mutumin Holan, mataimaki ne ga Clemens Westerhof sa'ad da Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, bayan shekara biyu kuma shi ya ciwo mana lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta. Marigayi Stephen Keshi ya yi wa marigayi Shuaibu Amodu mataimaki a gasar Kofin Afirka ta 2002 a Mali, kana a 2013 ya ɗauko wannan kofi da kansa a Afirka ta Kudu. Masu bibiyar ƙwallon Ingila kuma sun san labarin Bob Paisley, wanda ya zauna a ƙarƙashin Bill Shankly a Liverpool daga 1959 zuwa 1974, da aka ba shi ragama sai ya ci kofin lig sau 6 da Kofin Turai sau 3 cikin shekara tara.

Amma misalin da ya fi dacewa da batunmu, tun da maganar kwaleji muke yi, daga Amurka yake, inda jami'o'i suka daɗe suna zama gandun renon 'yan wasa da masu koyar da su. A farkon shekarun 1980 Bob Bradley mataimaki ne ga Bruce Arena a Jami'ar Virginia. Daga nan ya koma Jami'ar Princeton a matsayin babban koci a 1984, ya yi fiye da shekara goma yana koyar da ɗalibai. A 1996 ya sake zama mataimakin Arena a kulob ɗin D.C. United, bai ɗauki wannan a matsayin ci baya ba. A 2006 aka ba shi ƙungiyar ƙasar Amurka, wadda ta doke Sifen, zakarun Turai na lokacin, da ci 2 da nema a Afirka ta Kudu a 2009. Ya riƙe ƙungiyar ƙasar Masar daga 2011 zuwa 2013, a 2016 kuma ya zama Ba'amurke na farko da ya koyar da kulob a gasar Firimiya ta Ingila, ko da yake bai daɗe a Swansea ba. Duk wannan tafiya daga filin jami'a ta faro.

Ba muna cewa mataimakin koci a Amurka cikin daula yake ba, domin can ma da yawa albashinsu kaɗan ne, wasu ma aikin sa kai suke yi. Abin lura shi ne tsarin. Aikin yana da suna, yana da ƙa'ida, an kuma san matakin da ke gaba da shi. Ɗalibin da ya gama digirin farko yana iya samun gurbin karatun digiri na biyu, ya riƙa taimaka wa koci a madadin kuɗin makaranta. Bugu da ƙari, dokar wasannin jami'o'insu tana hana ɗalibin da karatunsa ya yi rauni shiga fili, saboda haka tilas ne wani ya riƙa bin sawun sakamakon jarrabawar kowane ɗan wasa, sau da yawa kuwa mataimaki ne. Wannan tsari ba ya bukatar dala. Abin da yake bukata shi ne takarda da alƙalami da riƙon alkawari.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Tun a 1966 aka fara wasannin jami'o'in Nijeriya da ake kira NUGA a Ibadan, daga baya kwalejojin fasaha da na horon malamai suka kafa nasu. Sa'ad da Green Eagles ta ci Kofin Afirka karon farko a Ikko a 1980, bayan ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, a cikinta akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Ikko. A wancan zamani makaranta da fili ba kishiyoyi ba ne, malamin wasanni kuma mutum ne mai daraja a kowace sakandare. Raguwar wannan daraja ce ta kai mu inda yaro yake ganin sai ya bar aji kafin ya zama ɗan wasa, uba kuma yake ganin ƙwallo hanyar lalacewa ce.

Yanzu mu dawo gida. Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, da Auyo, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Malam Madori, da Birniwa, da Kiri Kasamma, da Guri. A cikinta akwai Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a garin Haɗeja, wadda ta samo asali daga kwalejin aikin gona, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013. Kusa da nan akwai kwalejin horon malamai ta Gumel, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Kowace shekara waɗannan makarantu suna karɓar samari daga ƙauyuka da garuruwan da ba a taɓa ganin wakilin wani kulob a cikinsu ba. Wanda ya zagaya bayan La'asar zai ga kowane fegi da kowane filin firamare cike da yara suna buga tamaula, wasu da takalmi wasu ba takalmi. Son wasan kuwa ba sai an faɗa ba, domin mutanen Haɗeja sun cika filin wasansu a shekarun da ƙungiyar Jigawa Golden Stars take karɓar baƙinta a garin. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, koci nawa makarantunmu suka rena har suka kai matsayin da za a neme su a Kano ko Kaduna ko Jos?

Ƙasar Haɗeja tana da yanayinta, wanda kocin da aka ɗauko daga nesa na mako uku ba zai gane shi ba. Ƙasar ruwa ce. Daga Auyo har zuwa Guri fadama ce da kogi, in damina ta yi nisa filaye da dama kan zama tabki, hanyoyi su yanke. In bazara ta zo zafi kan haura digiri 40, wanda duk ya sa yara atisaye da tsakar rana neman kisa yake yi. In hunturu ya shigo ga ƙura ga ƙasa mai tauri kamar dutse, mai cin gwiwa da idon sawu. Ɗalibanmu da yawa 'ya'yan manoma ne da masunta, ba za ka hana su tafiya gida lokacin yankan shinkafa ko girbin riɗi ko ban-ruwan alkama ba, domin daga nan kuɗin makaranta ke fitowa. Ga watan azumi, ga lokutan jarrabawa. Tsara atisaye a tsakanin waɗannan duka aiki ne na mazaunin wuri, wanda ya san lokacin da za a matsa da lokacin da za a sassauta. Shi ne kuma zai gane cewa yaron da ya tashi yana tuƙa kwalekwale da noman fadama ba ƙarfi ko juriya yake bukata a koya masa ba. Abin da ya rasa shi ne tsayuwa a gurbi, da sakin ƙwallo da wuri, da wasa da ƙafar da ba ya so, waɗannan kuwa sai da maimaici na watanni.

Mutanen Haɗeja sun fi kowa sanin amfanin shiri tun da wuri. A ambaliyar 2020 da ta 2022 samarin gari sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga don kada ruwa ya ci gari, kowa kuma ya shaida cewa jingar da aka gyara tun rani ta fi wadda aka tashi yi ruwa na ƙofa. Amma a harkar wasanni sai mu manta da wannan darasi. Sai gasa ta rage mako biyu ko uku a kafa kwamiti, a fid da kuɗi, a tara yara a sansani, a ce su je su ciwo kofi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ke da mataimakin koci na dindindin ba ta bukatar wannan gaggawa, domin ƙungiyarta tana nan a raye daga farkon zango zuwa ƙarshensa.

Wannan gaggawa ita ke haifar da ɓarnar da kowa ya sani amma ba a son faɗa, watau ɗaukar sojojin haya. In ba a rena 'yan wasa ba, ana kuma son kofi, sai a shiga gari a ɗebo waɗanda ba ɗalibai ba, a yi musu katin shaida na jabu, ɗalibai na gaskiya su zauna a benci suna kallo. A nan ne yaro ke fara koyon cewa ƙarya a takarda ba komai ba ce, daga katin makaranta kuma sai takardar haihuwa. Kada mu manta cewa a 1989 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, har muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Mataimakin da ke da aikin dindindin da sunan da yake karewa yana iya cewa a'a in aka kawo masa irin wannan kati. Wanda abincinsa ya rataya a kan sallamar ƙarshen gasa kuwa, da wuya ya iya buɗe baki.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. Haɗeja ta yi suna wajen karatun Alƙur'ani, kowa kuma ya san yadda tsangaya take da matakai: kolo, da titibiri, da gardi, da alaramma, har zuwa gwani. Gardi yana biya wa na ƙasa da shi karatu alhali shi ma yana ɗauka a wajen malam, ya kuma san cewa in ya dage akwai ranar da za a kira shi da wani suna. Haka maƙeri ke farawa da zuga, masaƙi da kaɗa zare, magini da kwaɓa ƙasa. Kakanninmu sun gane cewa sana'ar da ba ta da tsani ba ta samun magaji. Abin mamaki ne a ce jami'a, wadda ta tsara matakai tun daga ƙaramin malami har zuwa farfesa, ta kasa tsara wa filin wasanta ko da matakai uku.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ɗakunan kwana suna yoyo, famfo ba ruwa, laburare ba littattafai, ina aka ga kuɗin ƙwallo? Wannan magana tana da nauyi, mu ne kuma muka fi kowa kuka da waɗannan matsaloli a shafukan wannan mujalla. Amma a makarantu da yawa ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista kowace shekara, ko yana wasa ko ba ya yi. Kuɗin yana nan, maganar ita ce ina yake zuwa. Muna da yaƙinin cewa in aka rage yawan 'yan rakiya da liyafar bayan gasa, abin da ya saura zai isa a riƙe mataimaki ɗaya ko biyu. Za a kuma ce ƙwallo shagala ce da ke raba yaro da littafi. Amsarmu ita ce, ƙwallon da ba mai kula da ita ce ke yin haka. Samari za su buga ko an so ko an ƙi. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko su buga a ƙarƙashin wanda zai tambaye su sakamakon jarrabawa, ko kuwa a ƙarƙashin dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin kai yara Turai.

Saboda haka muna gabatar da waɗannan shawarwari ga hukumomin makarantu da ma'aikatun da abin ya shafa.

Na farko, kowace jami'a da kwaleji ta sa gurbin mataimakin koci a cikin jerin guraben ma'aikatanta na dindindin, a tallata shi a fili, a yi wa masu nema gwaji a ofis da kuma a filin wasa. A rubuta ayyukansa baƙi da fari, a kuma bayyana shekarun aiki da takardun da za su kai shi matsayin koci, da na babban koci. Waɗanda suka daɗe suna yin aikin a matsayin wucin gadi a fara da su, a kuma lissafa musu shekarun da suka yi.

Na biyu, a ware kaso daga kuɗin wasanni don horo. Akwai kwasa-kwasan Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa, akwai kuma lasisin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka mai hawa-hawa, daga D zuwa C zuwa B zuwa A. Ba a kuma rasa ilmin a kusa ba, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna da sassan koyar da ilmin motsa jiki da kiwon lafiya. Lalle ne kuma kowane mataimaki ya iya taimakon farko, ya san abin da zai yi in yaro ya suma don zafi ko ya bugu a kai, tun da yawancin filayenmu ba likita a kusa.

Na uku, jami'o'inmu su buɗe gurbin karatu ga tsofaffin 'yan wasansu masu kyakkyawan sakamako, a yafe musu kuɗin karatun gaba da digiri, su kuma su yi shekara biyu suna taimaka wa koci. A haɗa da ɗalibai mata, domin wasanninsu, kamar ƙwallon hannu da ƙwallon raga, sun fi na maza rashin masu koyarwa, iyaye da yawa kuma sun fi natsuwa in mace ce ke kula da 'ya'yansu.

Na huɗu, a ɗora wa mataimaki alhakin rajistar karatun 'yan wasa, a kuma ba shi ikon da ya dace da wannan alhaki. Wanda bai ci jarrabawa ba ya huta da wasa har ya gyara, kome gwanintarsa. Kada sunan kowa ya shiga jerin masu tafiya gasa sai da sa hannun mataimaki da na ofishin magatakarda.

Na biyar, ma'aikatun ilmi da na wasanni su haɗa kwalejoji da sakandaren da ke kewaye da su. Mataimakin koci na Haɗeja ko Kafin Hausa, in aka ba shi babur da kuɗin mai, yana iya kai ziyara Malam Madori da Birniwa da Kiri Kasamma sau ɗaya a wata, ya koyar da malaman wasanni, ya kuma lura da yaran da suka cancanci a ƙarfafa musu gwiwar neman gurbin karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su ma mataimakan akwai magana a kansu. Wanda yake son a ɗauki aikinsa sana'a sai ya fara ɗaukarsa haka. Ya riƙe littafin da yake rubuta atisayen kowace rana, da raunin kowane ɗan wasa, da abin da ya lura da shi a wasan abokan karawa. Ya nisanci karɓar na goro daga yaro ko ubansa don a sa shi a wasa, domin ranar da ya karɓa ya sayar da bakinsa. Ya guji yi wa maigidansa zagon ƙasa don ya gaje kujerarsa. In yana da saɓanin ra'ayi ya faɗa masa su biyu, in sun fito fili su zama baki ɗaya. Paisley ya jira shekara goma sha biyar. Shi ma babban koci ya sani cewa ana auna shi da kofunan da ya ci, ana kuma auna shi da yawan waɗanda suka koyi aiki a hannunsa.

Daga ƙarshe muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da majalisarta. A zama na gaba a nemi darektan wasanni na ƙungiya ya gabatar da lissafin kuɗin wasanni na shekarar da ta wuce, a kuma rubuta wa hukumar makaranta cikin ladabi a tambaye ta mutum nawa ke koyar da 'yan wasanmu, nawa ne daga cikinsu ke da takardar ɗauka, yaushe ne rabon a tura ɗayansu kwas. In amsa ta zo za mu buga ta a wannan shafi yadda take.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuke zaune a ofisoshin Dutse da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ta hannunku fayil ke bi kafin ya kai teburin Babban Sakatare. Ku ne ke tsara daftarin kasafi, ku ne ke rubuta jerin gurabe. Da yawanku kun buga wa ajinku ko ɗakin kwananku, kun kuma san mutumin da ya tashe ku da asuba ya kai ku fili. In takardar neman gurbin mataimakin koci ta iso gabanku, kada ku tura ta ƙarƙashin tari. Ku sa mata hannu, ku bi sawunta har ta fito.

Allah ya sa mu dace.